Gyaran da Aka Yi wa Garkar Isufu

Ranar sunan jikar maƙwabciyata ina zaune ina yanka albasa, wata mata daga Icirnawa ta matso kusa da ni ta ce, "Ashe ke ce ƙanwar mutumin nan da 'yan garka suka karya wa sammu, idonsa ya buɗe?" Na ajiye wuƙa na dube ta. Ba ta da laifi, abin da ta ji ta faɗa. Amma tun daga ranar na ɗauri aniyar rubuta labarin Yaya Isufu yadda yake, tunda waɗanda suka yi ɓarnar su ne ke yawo da nasu labarin gari-gari, har ana sa musu albarka. Sunana Hanifa, ƙanwarsa ce ni uwa ɗaya uba ɗaya. Na daɗe ina koyarwa a lekol kafin in ajiye alli, kuma kowa a Matameye ya san ba ni da haƙuri. Ni ma ban taɓa cewa ina da shi ba.

Yaya Isufu ya girme ni da shekara tara. Yana saurayi ya tafi Damagaram neman abin yi, ya samu aikin ban-ruwa a wani otel, ƙarƙashin wani tsoho mai suna Abdu da ke kula da furannin gidan. Wurin tsohon nan ya koyi komai, ya kuma zauna kusan shekara talatin. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, wani siririn yanki na fadama ya faɗo masa, mai rijiya ɗaya da bishiyar giginya a ƙarshensa. Sai ya tattaro ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da arozuwar biyu na ban-ruwa, da gwangwanayen madara cike da iri. A lokacin matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa.

Maƙwabtansa a fadama rake suke nomawa, da kabeji da albasa da tumatir. Shekarar farko da garkarsa, wato lambunsa, ta yi fure suka shigo kallo, Alhaji Kadiri a gaba. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garka. Ba zan ce mugu ba ne, don ba mugun ba ne. Mutum ne dai da ba ya tambaya sai idan ya riga ya yanke amsa.

"Isufu, wannan kuma wane irin amfani ne?" in ji Alhaji.

"Fure ne."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Ana magani da shi?"

"A'a."

"To akuya fa?"

"Ita ma ba ta damu da shi ba."

Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. A wurinmu abin da ƙasa ta bayar amfani muke ce masa, amfanin gona, amfanin garka. Abin da ba ya shiga tukunya ba ya shiga bakin dabba, a ganinsu ba shi da suna sai ciyawa. Daga ranar suka laƙaba masa Isufu Mai Ciyawa. Bai yi musu da kowa ba. Ya sayo zana doguwa ya kewaye garkarsa, ya sa ƙofar langa-langa. Shekara goma sha huɗu suna gaisawa da shi ta saman zana, suna salla sahu ɗaya, amma ba wanda ya ƙara taka ƙafarsa ciki. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen abin da ya faru.

Ni ce mai shiga. Da farko abinci nake kai masa, ina yi masa faɗan ya shuka ko da albasa ce komi biyu, ya rufe bakin mutane. Daga baya na daina faɗan na koma kallo. Iri uku ya fi shukawa, kuma shi ya raɗa musu sunaye. Akwai zanko, ja mai kama da zankon zakara. Akwai maɓalli, ƙanana masu taurin kai da ba sa yaushi da wuri. Sai babbarsu, wadda a otel suke ce wa ziniya, shi kuma ya mayar da ita zinariya. Dukansu shekara ɗaya suke yi su mutu. Idan ba ka ajiye iri ba, baɗi ba ka da komai.

Da ɗaukewar ruwan sama yake yafa iri a ɗan komi, ya rufe da karan gero don rana. Idan tsiron ya yi ganye huɗu ya dasa. Idan ya kai tsawon tafin hannu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsinke musu kai da farce. Ranar da na fara ganin haka na yi salati, na ce Yaya ka haukace ne? Ya ce idan ya bar kan, fure ɗaya za ta ba shi a gajeren kara, idan ya tsinke kuwa za ta yi rassa shida dogaye. Yanka kuma da sassafe yake yi kafin rana ta taɓa su. Sai ya kama karan ya girgiza, idan wuyan furen ya langaɓe ya bar ta sai gobe, idan ya tsaya ƙyam ya yanke, ya zage ganyen ƙasa, ya tsoma a bokitin ruwa. Ya ɗaure su dami-dami da kaba, ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ya kai tasha a sa a motar farko ta Damagaram. Masu ɗaukar hoto ke saye, da masu shirya biki, don amaren yanzu sun fara gajiya da furen roba. Buke suke ce wa damin. Da wannan sana'a ya ci ya sha, ya gyara rufin ɗakinsa, bai taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba. Duk da haka in ka tambayi 'yan garka me Isufu ke nomawa, sai su ce ba ya noma komai.

A shekararsa ta biyu da dawowa, cikin jajayen zinariya wata guda ta fito daban. Launinta irin na cikin gwaiba nunanniya, ba ja ba, ba fari ba. Ƙarama ce, ganyen furenta ma bai cika ba. Bai yanke ta ba. Ya yago tsumma ya ɗaura mata a kara, ya bar ta ta bushe a tsaye, ya kwashe irin. Da ya shuka a shekara mai zuwa, yawancinsu jajaye suka fito, 'yan kaɗan ne suka biyo uwarsu. Ya tuge jajayen, ya ɗaura wa masu kyau tsumma. Haka ya yi ta yi kowace shekara. Don kada ƙudan zuma su gauraya su da sauran, ya ware musu komi huɗu can ƙarƙashin giginya, ya ƙara kewaye su da wata zana. Ya sa mata suna 'Yar Gwaiba. Shekara goma sha biyu yana wannan zaɓe, har ta kai kan fure ɗaya ya cika tafin hannuna, kuma cikin goma tara suna fitowa da launin. Babu kantin da ake sayar da irinta, ba a Damagaram ba, ba a ƙetaren iyaka ba. Amare da sunanta suke nemanta.

Waɗanda ya bari don iri uwaye yake ce musu. Tsarin ɗaurinsa kuwa haka yake: mai kyau ƙulli ɗaya, wadda ta fi ta ƙulli biyu, wadda babu abin kushewa a jikinta ƙulli uku. Uwa idan ta fara bushewa ba kyan gani, gaskiya ce. Kan ya yi baƙi-baƙi ya yamutse, ganye ya ƙone, karan ya sunkuya. Wanda bai sani ba zai rantse garkar ta mutu. Amma a cikin wannan yamutsattsen kai ne irin yake, kowace ƙwaya kamar kan kibiya, kuma idan ka yi gaggawar cira kafin ya bushe sarai, fanko za ka samu.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo, har ya kai yana gane hanya da mutane amma launi ya gagare shi. Ya ce duk garkar ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan kanwa. Hannunsa bai manta aiki ba, yana shafa fure ya san cikarta. Launi ne kawai sai da ni. Shekara uku ni ce idonsa. Mu shiga komin 'Yar Gwaiba, ya kama kan fure ya juyo da shi wajena ya ce, "Hanifa, wannan ce?" In ce ita ce, ko in ce ta yi ja da yawa. Ya ce ƙulli nawa? In faɗa, in ɗaura. Wani tsohon farin mayafina na yayyaga muke ɗaurin da shi, don fari ne kaɗai yake iya hangowa. A shekarun nan uku ne 'Yar Gwaiba ta kai ƙarshen kyanta, kuma mai ita bai gani ba. Sau da yawa yakan ce, "Ki faɗa mini yadda take bana." In yi ta kwatance har in gaji, ya yi murmushi ya ce ban iya ba.

Bara waccan ruwa ya yi yawa, ya kuma yi jinkirin ɗaukewa. Yafin farko da ya yi ambaliya ta kwanta a kai ya ruɓe. Dole ya juye sauran irin da ya saba ragewa a gwangwani don tsaro, ya sake yafawa. Wato a wannan shekarar duk wata 'Yar Gwaiba da ke duniya tana tsaye ne a komi huɗun nan. Muka ɗaura wa uwaye saba'in da huɗu tsumma. Saura kamar kwana goma su gama bushewa, sai aka aiko cewa likitocin ido sun zo Damagaram, sunansa ya fito, Alhamis za a yi masa aiki. Ba a ɗaga ranar, don likitocin ba zama suka zo yi ba. Ya yi ta jujjuya maganar. Ni na matsa masa. Na ce busasshen fure ba ya bukatar kowa, mako ɗaya ne mu dawo, ka kwashe irinka da idonka biyu. Wata biyar bayan nan ka ga 'Yar Gwaiba da kanka, ka huta da kwatancena. Wannan maganar ce ta tashe shi.

Ya ba Sule makullin ƙofa. Sule maƙwabcinsa ne ta gabas, magidanci mai injin ban-ruwa. Ya ce masa ya riƙa shayar da komayen gaba masu ɗanyen fure, busassun da ke bayan zana kuwa kada ya ba su ko ɗigo. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yaya Isufu ba mai dogon bayani ba ne, kuma shekara goma sha huɗu sun koya masa cewa ba mai son ji.

Muka sauka gidan 'yarsa A'ishatu a Damagaram. Ranar Laraba ina tsaye a layin sayen maganin ɗigawa, rana na dukana, wata mata na tura ni ta baya, salulata ta yi ƙara. Alhaji Kadiri ne.

"Madam Hanifa, ya mai jiki? To, mun zauna mu 'yan garka, mun ce gobe za mu yi wa Isufu gayya. Mu gyara masa garka kafin ya dawo."

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe mutanen nan suna da kunya, yau sun tuna shi ma manomi ne. Da na ji gyara, abin da ya zo mini shi ne cire ciyawa, da tayar da zanar da ta kwanta, da yashe rijiya. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, Allah ya bar zumunci." Ya ce kada in faɗa wa Isufu, so suke ya dawo ya gani da sabon ido. Na ce to. Layi ya zo kaina na kashe waya. Ban tambaye shi me za su gyara ba. Ni da na shekara da shekaru ina dukan tebur ina ce wa 'ya'yan mutane wanda bai gane ba ya yi tambaya.

Alhamis aka yi aikin. Juma'a da safe aka cire masa auduga. Ya ƙyafta, ya ƙyafta, ya dubi zanen da ke jikina ya ce, "Hanifa, ashe shuɗi ne? Ni duk zatona toka-toka kike sawa." Ya juyo ya kalli fuskata ya ce na tsufa. Muka yi dariya har ma'aikaciyar asibiti ta tsawata mana. Da rana Alhaji ya sake kira. Da na ce masa ido ya buɗe sai na ji ya yi kabbara, na ji wasu a bayansa sun amsa. Ya ce, "Ai mun sani! Sai kun zo za ku sha labari." Ko a nan ban fahimci komai ba.

Bayan mako guda likita ya sake dubawa ya sallame mu. Daga tasha Yaya ya ƙi zuwa gida, ya ce garka tukuna. Ya sa baƙin tabarau da aka ba shi, yana tafe yana karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. A ƙofar garka muka tarar da su sun fi mutum goma sha biyar, har da tabarma da shayi. Suka yi ta barka da arziki. Alhaji ya kama hannunsa ya ja shi ciki. Komayen gaba lafiya lau, jajaye da rawaya sun sha ruwa. Zanar ciki kuwa babu ita. Tun daga ƙofa kana hango gindin giginya. Inda komi huɗun suke an baje, an ja kunya-kunya, an jera dashen rake an shayar, ƙasar baƙa ƙirin da toka.

Yaya Isufu ya cire tabarau ya tsaya.

"Sule, gaya masa abin da ka gani," in ji Alhaji.

Sule ya gyara murya, shi a dole ya yi abin kirki. "Wallahi Isufu, ran da na leƙa bayan zanar nan sai da gashin jikina ya tashi. Shuka duk ta mutu a tsaye, kowace an ɗaure mata wuya da farin ƙyalle, irin na likkafani. Ga ƙulli, wani ɗaya, wani biyu, wani har uku. Saba'in da huɗu muka ƙirga. Na ce lallai ga abin da ya rufe wa bawan Allah ido, shi bai sani ba tunda ba ya gani."

"Ba mu bar ko ɗaya ba," in ji Alhaji. "Nan inda suke muka tara su, muka ƙara kara a kai, muka yi addu'a muka cinna wuta, don ko abin da ya zuba ƙasa kada ya tsira. Ranar Alhamis ke nan. Juma'a ido ya buɗe. Kai ka ga ikon Allah! Raken nan kuwa daga nawa na yanko maka, mai kyan. Bana dai ka ci amfanin garkarka."

Ban san lokacin da na jefar da jakata ba. Na ce, "Likkafanin wa? Mayafina ne! Ni na yayyaga shi, ni na ɗaura da hannuna! Iri ne kuka ƙone, irin shekara goma sha biyu! Waya tana hannunku, baki yana fuskarku, ɗayanku bai iya cewa Isufu mene ne wannan ba?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Na ce da Alhaji da albasa ce aka bari ta yi kai don iri, ko makaho a cikinsu ya san ba a taɓa ta. Wani daga bayansu ya ce a hankali, "To ita me ya sa take ɗaura masa ƙulli?" Na ji shi sarai, kuma na san muryar.

Yaya Isufu ya taka har wurin, ya durƙusa, ya sa yatsu cikin jiƙaƙƙiyar tokar yana murzawa. Likita ya hana shi sunkuyo, ya hana shi kusantar toka, amma ban iya hana shi ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya da sabon idon nasa, ya ce, "Kun sha aiki. Sannunku. Allah ya ba da lada." Suka amsa da amin, har da ajiyar zuciya. Wanda aka yi wa gayya godiya ce tasa, haka muka tashi muka gani. Washegari ma sai da ya sa aka dama fura aka kai musu, tunda ranar gayyar ba ya nan balle ya ciyar da su. Ni na ƙi damawa, matar maƙwabci ta dama.

Kwana uku ina zagin 'yan garka a gabansa, yana jina. A na huɗu na kasa riƙewa, na gaya masa cewa Alhaji ya kira ni tun ranar Laraba, kuma ni na ce Allah ya saka. Na yi kuka kamar ba tsohuwa ba. Ya ce, "Me ya ce miki za su yi?" Na ce ya ce za su gyara. Ya ce, "To ai sun gyara." Bai ƙara tayar da maganar ba har yau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na yi ƙoƙarin da zan iya. Na tuna wata amarya a Kance mai suna Firdausi, wadda aka ce ta busar da buken bikinta ta rataye a ɗaki. Na hau kabu-kabu na je na roƙe ta, yarinyar kirki, ta ciro ta ba ni ba musu. Yaya ya murza kan ɗaya a tafinsa ya hura, komai ya tashi. Ya ce furen buke tun yana ɗanye ake yanke shi, bai kai ga yin iri ba. Duk da haka don kada in ji ba daɗi ya yafa, ya yi ta shayarwa mako uku. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na karɓo hotuna wurin masu ɗaukar hoto na Damagaram na nuna masa. A wani ta fito ja, a wani ta yi fari, kowane da irin hasken da aka ɗauka. Ya ce, "Wanne ne gaskiya?" Na ce babu.

Raken kuwa bai tuge shi ba. Ya ce kyauta ce, kuma shi raken bai yi masa laifi ba. Ya shayar da shi har ya girma, ya sare ya rarraba wa unguwa. An kawo mini nawa na mayar. Alhaji Kadiri ya zo sau ɗaya ya ce idan an yi kuskure a yafe, niyya ce mai kyau. Amma bai fita ƙofa ba sai da ya ƙara da cewa shi dai abin da ya sani, Alhamis aka ƙone, Juma'a ido ya buɗe. Wannan ne labarin da ya kai Tsauni, ya kai Icirnawa. Likitan da ya yi aikin ba mai ambatonsa. Ni kuma akwai matan da har yau idan na shiga taro sai su janye 'ya'yansu, wai ga mai ƙulli. Su janye. Ba wannan ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau, bayan duk wannan, ba a samu mutum ɗaya da ya tsaya ya ce Isufu, yaya take, ita furen da muka ƙone?

Yana nan yana sana'arsa da jajaye da rawaya da zanko da maɓalli. Motar farko tana ɗaukar damunansa kamar da. Amare idan sun tambayi 'Yar Gwaiba sai masu hoto su ce ta ƙare. Bana, wajen tsakiyar sanyi, ya aiko in zo garka da safe. Na tarar da shi tsugune cikin jajayen zinariya. Ya kama kan wata ƙarama, wadda ganyen furenta ma bai cika ba, ya juyo da ita wajena. Idonsa garau yanzu, ya fi nawa gani. Amma abin da yake nema bai taɓa ganinsa a cikarsa ba, ni kaɗai na gani.

"Hanifa, wannan ce?"

Na duba sosai. Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani.

"Ba ita ba ce, Yaya. Ta yi ja da yawa."

"Amma ta nufi can?"

"Ta ɗan nufa."

Ya ce in ba shi tsumma. Da ma na zo da wani koren ƙyalle a jaka, don kada gobe wani ya sake ganin likkafani. Ya dube shi ya ce kore ɓacewa yake cikin ganye, in kawo fari. Na kama gefen mayafina na yaga na miƙa masa. Ya ɗaura mata ƙulli ɗaya, ya gwada da yatsa ko ya matse karan. Wancan karon shekara goma sha biyu ya yi kafin ta cika tafin hannu. Bana shekarunsa sittin da takwas.